Filin Mata: Wanda Ya Kulle Ƙofa Shi Ke Da Cefane

 

Yau zancenmu a kan wata kalma ne wadda mu mata muka riga maza saninta, watau kulle. Tun zamanin kakanninmu in an ce kulle, sai hankali ya tafi ga matar aure da ke zaune a ɗakinta. Amma a shekarar 2020 kalmar nan ta fito daga cikin gida ta kama gari duka, har maigida da ya saba fita tun asuba ya zauna a tsakar gida yana ƙirga kaji. Annobar korona ta wuce, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kanta tun watan Mayu na 2023. Sai dai tambayar da ta bari tana nan ba ta wuce ba. Shin hukuma tana da ikon ta hana mutum fita neman abincinsa, ko zuwa masallaci, ko zuwa gaida mahaifiyarsa, don gudun cuta? In tana da shi, ina iyakarsa? Gara mu yi wannan magana yanzu da hankali ke kwance, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba wanda ya yi mana alkawarin wata annoba ba za ta zo ba.

Bari mu fara tuna yadda abin ya faru, don ƙannenmu da suke ƙanana a lokacin. An sami mutum na farko mai cutar a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, a Ikko. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu, Jihar Kano kuma ta rufe iyakokinta. Ran 11 ga Afrilu aka ba da sanarwar mutum na farko a Kano. Daga daren Alhamis 16 ga Afrilu Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa dokar zaman gida, ba kasuwa, ba Juma'a, ba taron biki. Ran 24 ga wata aka tashi da azumi, ran 27 kuma Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu na kulle, daga baya aka sake ƙarawa. Ba a ɗage dokar gaba ɗaya ba sai farkon watan Yuli. Kun ga ke nan azumi duka da Ƙaramar Salla a cikinta aka yi su.

Dalilin hukuma

Akwai masu cewa tun asali babu wani dalili, an dai takura wa talaka ne kawai. Wannan magana ba ta yi daidai ba, kuma ga hujja.

Cutar korona a numfashi take tafiya. Mai ita in ya yi tari, ko atishawa, ko magana ma kawai, ƙwayoyinta na fita cikin iska, na kusa da shi ya shaƙa, musamman a ɗaki mai cunkoso marar taga. Abin da ya sa ta yi wuyar kamu shi ne, mutum na iya ɗauke da ita kwana da kwanaki, har zuwa mako biyu, kafin jikinsa ya nuna. Wani ma ba zai taɓa jin ko ciwon kai ba, amma yana rabawa. Yarinya mai jini a jika ta yi mura ta kwana uku ta warke, kakarta kuwa mai ciwon sukari ko hawan jini, ita ce za a kwantar.

'Yan makaranta, ku ɗauki alli mu yi lissafi. A ce mace ɗaya ta shafa wa biyu, kowacce cikin biyun nan ta shafa wa biyu. Sai ku ga 2, 4, 8, 16, 32. In kuka ninka har sau goma za ku sami 1,024. To, daga mace ɗaya ke nan da ta je barka tana ɗan tari, ba ta nufi kowa da sharri ba. Da a ce cutar mai ita kaɗai take ci, da sai mu ce kowa ya yi yadda ya ga dama da ransa. Amma numfashinki ba ya tsayawa a bakin ƙofarki. Nan ne 'yancin mutum ya haɗu da haƙƙin maƙwabcinsa.

Kuma ba a wasa aka mutu ba. Cikin watan Afrilu na 2020 masu haƙar kabari a birnin Kano suka fara kukan aiki ya yi musu yawa, aka yi ta rasa dattawa, malamai da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya faɗi sakamakon binciken da aka yi: mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni a ɗan wannan lokaci, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadinsu. Allah ya jiƙansu. Wadda duk take da dangi a birni ta san gidan da aka yi wannan rashi.

Ba kuma wannan ne karo na farko ba. A shekarar 1918 wata mura mai tsanani, wadda tsofaffi suka riƙa kira marisuwa, ta shigo Ikko ta jirgin ruwa, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Kano, ta kashe dubban ɗaruruwan mutane a Nijeriya. Agana ma haka ta yi ta cin 'ya'yan mutane tana makantar da wasu, har aka ci ƙarfinta da lamba, aka shelanta ƙarewarta a duniya a 1980.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a can, sai ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa Madina. Ga ma wani misali na kusa da murhunmu. Albasa da tafarnuwa halal ne, ba wanda ya hana ci, amma wanda ya ci su ɗanye an ce ya nisanci masallaci don kada warin ya cuci na kusa da shi. To, in wari ya isa a dakatar da mutum daga sahu, ina ga cutar da ke kisa? A 2020 ɗin nan kowa ya ga hoton Ka'aba ba masu ɗawafi, kuma a shekarar da ta bayanta duka ba alhaji ko ɗaya da ya tashi daga Nijeriya.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini a sashe na 38, da na taro a sashe na 40, da na zirga-zirga a sashe na 41. Sa'an nan sashe na 45 ya yarda a taƙaita su saboda lafiyar jama'a, muddin taƙaitawar ta yi daidai da hankali. Saboda haka ikon yana nan, ba gardama. Abin dubawa shi ne sharaɗinsa.

Abin da matar kulle ta sani

A nan ne nake ganin mu mata muna da abin da za mu koya wa masu mulki. Ba duk matan ƙasarmu ke cikin kulle ba, da yawa a ƙauyukan Karaye da Rogo suna zuwa gona da rijiya da itace. Amma kowace mace ta san ƙa'idar. Namijin da ya ce matarsa ta zauna a gida, ya ɗauki nauyi ke nan. Hatsi nasa ne, cefane nasa ne, ruwa da itace da sutura da magani duk a wuyansa suke. In ya kulle ƙofa ya tafi bai bar ko ƙwayar dawa ba, ba malamin da zai ce ya yi daidai, kuma alƙali zai saurari matar in ta kai ƙara. Ko a kulle mafi tsanani, larura tana buɗe ƙofa: naƙuda, da ciwo, da rasuwar iyaye.

Sa'an nan kowace mace ta san zamanta a ɗaki yana yiwuwa ne don wani yana fita. Maigida yana kasuwa, ɗan ga-ruwa yana kawo ruwa, yarinya tana kai ƙosai ko fura ko ƙuli-ƙuli ta dawo da ciniki, da cinikin nan ake zubin adashi, a sayi sabulu da gishiri. Ranar da aka kulle gari duka, sai duk waɗannan igiyoyi suka tsinke lokaci guda. Mai awara ta soya ba mai saye. Mai kitso ba mai zuwa. Mai ɗinkin hula ta gama, ba wanda zai kai mata birni. Adashi ya tsaya, gama ba a zubi da hannu wofi.

Lalle gwamnati ba mijin kowa ba ce, mu muka zaɓe ta, da dukiyarmu take aiki. Wannan kuwa ƙara mata nauyi ya yi. In miji, wanda da guminsa yake ciyarwa, ba a yafe masa cefane ba, yaya za a yafe wa wanda baitulmalin jama'a ke hannunsa? Mai albashi yana iya zaman wata uku a gida, ƙarshen wata kuɗinsa ya shigo. Amma yawancin mazajenmu sai sun fita ake ɗora tukunya: ɗan acaɓa, da mai faci, da ɗan dako, da mai shayi, da direba. Ce wa irin wannan ya zauna mako biyu ba tare da an miƙa masa mudu ba, cikin azumi, abu ne da ba zai ɗore ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ku dubi yadda ƙasarmu take. Rogo tana bakin iyaka, ga Makarfi ta Jihar Kaduna a nan, ga Danja ta Jihar Katsina a can. A takarda jiha uku ne, amma a wurinmu kasuwa ɗaya ce da dangi ɗaya, an yi auratayya, ana cin kasuwannin juna da rake da hatsi da dabbobi. Da aka ce an rufe iyaka, uwa ce aka raba da 'yarta mai ciki, manomi aka raba da mai sayen kayansa. Masu noman rani a bakin madatsar Challawa kuwa, kayan gwari ba ya jiran a ɗage doka. An ce motocin abinci suna da izinin wucewa, amma tsayawa a shinge bayan shinge cikin zafin bazara ya isa ya lalata tumatir. Ga shi kuma lokacin sharar gona ne, lokacin da manomi ke sayar da akuya ko buhu ɗaya don ya sayi taki da iri. Dokar da aka tsara don cunkoson birni, sai ta faɗo a kan mutumin karkara ba tare da an auna ta da rayuwarsa ba.

An raba tallafin abinci, ba a ce ba a raba ba. Amma kowace ta tambayi unguwarsu gida nawa ya samu, kuma ya yi kwana nawa. A watan Oktoba na 2020 jama'a suka fasa manyan rumbunan ajiya a Ikko da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, aka ga kayan tallafin korona jibge, watanni bayan an ɗage kulle. Fasa rumbu laifi ne, ba na yabonsa. Amma abincin da aka tara don mai yunwa, in bai isa gare shi ranar yunwarsa ba, me ya yi ke nan?

Da yunwa ta matsa, sai aka ba da ranakun fita a Kano, Litinin da Alhamis, na 'yan sa'o'i. Me ya faru? Mutanen da za su ci kasuwa cikin kwana bakwai suka taru cikin sa'a shida, kafaɗa da kafaɗa. Cunkoson da aka kulle gari don gudunsa, shi aka tara wuri ɗaya. Wannan shi ne sakamakon kulle ba cefane: an sha wuyar zama, kuma ba a sami cikakken amfaninsa ba.

Yaran Kusalla

Mu mutanen Karaye mun ga wani gefen abin da idonmu. A watan Afrilu na 2020 gwamnonin Arewa suka yi shawarar kowace jiha ta mayar da almajirai jiharsu ta asali. Kano ta kwashi ɗaruruwa a motoci zuwa Katsina da Jigawa da Kaduna da sauransu, wasu jihohin kuma suka maido mata nata. Sansanin masu hidimar ƙasa da ke Kusalla, nan Karaye, yana cikin wuraren da aka killace yaran nan kafin a miƙa su ga iyayensu.

Killacewar kanta daidai ce. Yaron da ya fito daga inda cuta take, a ajiye shi mako biyu, a ciyar da shi, likita ya duba shi, sa'an nan ya shiga cikin 'yan'uwansa, wannan shi ne abin da hankali ya yarda da shi. A nan hukuma ta kulle ta kuma ɗora tukunya. Amma ku dubi ɗaya gefen. A lokacin da ake ce wa kowa ya tsaya inda yake, a lokacin ne aka cusa ƙananan yara cikin motoci ana ratsa jihohi da su, kuma da aka gwada waɗanda aka kai Kaduna da Jigawa, an sami da yawa ɗauke da cutar. Yaro ɗan shekara takwas ba a tambaye shi ba ranar da aka kai shi almajiranci, ba a kuma tambaye shi ba ranar da aka kwaso shi. Idan ana zancen 'yanci, a riƙa tunawa da wanda ba shi da bakin da zai nemi nasa. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan wata mace ce ta yi naƙudarsa.

Gaskiya da sanda

Bayan cefane, sharaɗi na biyu shi ne a faɗa wa mutane gaskiya. Lokacin da ake ta binne dattawa a birni, an daɗe ana ce wa jama'a zazzaɓi ne da ciwon sukari da hawan jini, ɗakin gwajin cutar da ke Kano kuma ya tsaya da aiki na wasu kwanaki a daidai wannan lokaci. Mutumin da aka ce masa ba korona ke kisa ba, sa'an nan aka hana shi fita saboda korona, wanne zai ɗauka?

Kuma rashin yardar mutanenmu yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan cikin wani gwaji da ya shafi yara 200 a Kano, 11 suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka gurgunce. Da me aka gyara? Da sarakuna da hakimai da dagatai da malamai, da mata masu bi gida gida suna zama a tabarma suna bayani. Haka aka bi har ran 25 ga Agusta 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Abin da lallashi ya yi ke nan.

Sanda kuwa ga abin da ta yi. A Kusada ta Jihar Katsina, ƙarshen watan Maris na 2020, rikici ya tashi a kan hana sallar Juma'a, aka ƙone ofishin 'yan sanda, aka yi asarar rai. A tsakiyar Afrilu Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 cikin makonni biyun farko na kulle a Nijeriya, adadin da ya fi na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a lokacin. Dokar da aka yi don tsare rai, in ta koma cin rai, ta ɓata hujjarta da kanta.

Sharaɗi na uku, doka ta hau kan kowa. In an tare mai kai matarsa asibiti a kan babur, aka ɗaga wa mai babbar mota hannu, in an ci talaka tara a kotun tafi-da-gidanka alhali ana ganin manya suna cika maƙabarta wajen jana'izar nasu, to kowa zai ɗauka dokar ta marasa gata ce. Na huɗu, a sa mata wa'adi, a faɗi abin da ake jira a gani kafin a buɗe. Ko takaba an san ranar fitarta.

Namu kason

To, 'yan'uwa, kada mu ɗora wa hukuma kaya duka mu koma gefe. Gazawarta ba ta zama izini a gare mu mu cuci juna ba. Wadda ta fita don ba abin da za ta ba 'ya'yanta, ba mai zarginta. Amma da yawa cikin fitar da muka yi a 2020 ba ta yunwa ba ce, ta kunya ce: kada a ce ban je suna ba, kada a ce ban je gaisuwa ba, kada dangin miji su yi da ni. Ɗakin mai jego kuwa kun san shi, ƙofa a rufe, taga a toshe, ga wuta, ga mata goma sha, jariri na yawo hannu zuwa hannu. Ɗakin zaman makoki ma haka, kuma tsofaffi ne a ciki. Ba inda cutar numfashi ke so kamar nan.

Saboda haka in Allah ya sake jarrabar mu da irin wannan, ga abin da ke hannunmu. Mai tari ko zazzaɓi ta zauna gida, ta aika da gaisuwarta ta waya, ta aika da gudummawarta a hannun yaro. Wadda aka yi wa haihuwa ko rasuwa ita za ta fara cewa ta yafe zuwa, don ta sauke wa mutane kunya. A buɗe tagogi, a zauna a tsakar gida maimakon ƙuryar ɗaki. A ware wa marar lafiya kofinsa da kwanonsa, mace ɗaya ta yi jinyarsa, ta rufe hanci da baki, ta wanke hannu da sabulu. A nisanta shi da tsofaffi da masu ciki. Kada kuma a ɓoye ciwo don gudun a ce gidan wane ne, gama ɓoyon nan shi ke kai mutum asibiti bayan lokaci ya ƙure. Awon ciki da rigakafin yara ba sa cikin abin da ake dakatarwa. A 2023 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu shi, yawancinsu kuwa yaran da ba a yi wa rigakafi cikakke ba ne.

Wadda Allah ya hore wa rumbu ta leƙa maƙwabciyarta. Kwanon tuwon da aka miƙa ta katanga a azumin 2020 ya tsare mutane a gida fiye da yadda shinge ya tsare su. Kuma a kwanakin yalwa, uwargida ta riƙa ɓoye ɗan abin da ba ya lalacewa, kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da wake, ko na mako biyu ne.

Sa'an nan mu buɗe baki. Ranar da aka sake zancen kulle, ƙungiyoyin mata da malaman Islamiyya su aika wa mai unguwa da dagaci da kansila tambayoyin nan: Mene ne dalili? Har yaushe? Wa zai rubuta gidajen zawarawa da marayu da masu ci sai an fita, kuma ran nawa hatsinsu zai iso? Mai naƙuda da dare wace takarda za ta nuna a shinge? Manomi yaya zai sami taki? Tambaya irin wannan ba rashin kunya ba ce. Wadda ta yi biyayya tana da haƙƙin ta ji amsa.

Ku kuma 'yan makaranta, ku kuka biya wani kaso mai tsada. An rufe makarantu tun Maris, 'yan ajin ƙarshe suka koma a Agusta don jarrabawar WAEC, sauran kuwa sai Oktoba. Wata shida da ɗoriya ke nan. An yi darussa a rediyo, amma yarinyar da ke surfe da rainon ƙanne ba kullum take samun zama ta saurara ba, kuma kowace malama ta san kujerun da ba a dawo an zauna a kansu ba. Iyaye mata, rufe makaranta don annoba hutu ne na dole, ba sallama ba ce. In an sake yi, a ware wa yarinya sa'a biyu kowace rana ita da littafinta, ranar da aka buɗe kuma ta koma ajinta. Cikin yaran nan ne za mu sami malaman asibiti da unguwarzoma da za su yi mana bayani da harshenmu in wata cutar ta zo, har mu yarda.

Wadda take da abin da ta gani a garinsu a kwanakin kulle, ko take ganin maganar ba haka take ba, ta rubuto mana, filin nan naku ne. Allah ya kiyashe mu da annoba, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ba mu haƙuri da juna. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.